Ruwan da Aka Ƙara wa Kulu

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Binta, a Funtua nake zaune, ɗinki ne sana'ata. Labarin jinyar ƙanwata zan bayar, Hauwa'u, wadda muke kira Kulu. Ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Na rubuta ne don matan da ke haihuwa da masu kula da su, kuma don wani mutum da ake kira Lawal mai kemis ya san cewa har yau ban huce ba.

Mahaifiyarmu ta rasu Kulu tana ƙarama, a hannuna ta tashi. Ni na aurar da ita ga Malam Sani, manomi a wani ƙauye na ƙasar Kafur. Da damina masara da waken soya, da rani tumatir a fadama. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Haihuwar fari a wurina ta yi wanka. Ta biyu kuwa ta zo daidai da kaka, aiki ya yi yawa, sai aka ce ta zauna a ɗakinta, surukarta Goggo Ladi za ta kula da ita. Ta sami namiji, aka sa masa Usman. Na je suna, na ci na sha, na bar ta tana dariya.

A sati na uku ta kira ni a waya. Tun daga sallama na ji maganarta tana yankewa.

"Yaya, tari ne ya dame ni. In na kwanta kuma sai in ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji. A zaune nake barci."

Goggo Ladi ta karɓi wayar ta ce in kwantar da hankalina, sanyi ne ya shige ta. Ta ce ta ƙara wa ruwan wanka wuta safe da yamma, ta kuma ƙara kanwa a kunu. Wannan ban riƙe ta da shi ba. Haka aka yi mata, haka aka yi mini, ba wanda ya taɓa gaya mana akwai jikin da ba ya ɗauka.

Da abin ya ƙi, sai aka kira Lawal. Shi wannan ya taɓa zama ɗan aike a wani asibitin kuɗi a birni, ya dawo ƙauye da farar riga da abin sauraron ƙirji rataye a wuya, ya buɗe shago. Mutanen garin Dakta suke ce masa. Ni bakina bai taɓa kiransa haka ba, ba kuma zai kira ba. Kowane ciwo a wurinsa taifod ne, maganinsa kuma ƙarin ruwa. Ya duba Kulu ya ce jego ya tsotse ta, ya buga ƙusa a bango ya rataya ledar ƙarin ruwa. Kashegari ƙafafunta suka ƙara hawa. Ya ce ruwan ne yake faɗa da ciwon, ya sake rataya wata.

Malam Sani ne ya kira ni daga gona. "Yaya Binta, ki zo ki ga 'yar'uwarki. Ni abin ya fi ƙarfina."

Na shiga mota zuwa Malumfashi, daga nan mai mashin ya ƙarasa da ni. Na same ta a jingine da bango, an tara mata matashin kai a baya. Ƙafafunta sun zama kamar turmi. Na danna yatsa a ƙaurinta, ramin ya zauna bai tashi ba. Jijiyar wuyanta ta fito tana harbawa, leɓenta ya yi toka-toka, ko nono ba ta iya ba Usman sai ta huta a tsakani. Ina cikin kallonta sai ga Lawal ya shigo da wata ledar a hannu.

Na ce, "Malam, ina za ka da wannan?"

Ya ce, "Hajiya, ki ba mu wuri, aikinmu ne."

"Mace ta kumbura haka, kuma ruwa za ka ƙara mata? Ka fita."

Tsakar gidan cike yake da mata 'yan dubiya, duk sun ji. Ya tsaya yana kallona, sannan ya mayar da ledar cikin jaka ya ce ba a taɓa wulaƙanta shi haka a garin nan ba. Muka nemo motar da ke ɗaukar masara, muka shimfiɗa katifa a baya, na zauna na jingina ta a jikina har asibitin gwamnati.

Layin yankan kati kaɗai ya isa ya ƙarasa mara lafiya. Malam Sani yana can cikin turmutsitsi, mu muna zaune a ƙasa a gindin bishiya, Kulu tana jan numfashi kamar wadda ta yi gudu. Wata nas mai tsohon ciki ta zo wucewa, ta dube ta sau ɗaya, ta ce, "Wannan ba ta layi ba ce," ta kira masu keken marasa lafiya. Ban san sunanta ba. Duk inda take, Allah Ya sauke ta lafiya, Ya raya abin da ta haifa. Aka sa wa Kulu iska a hanci, aka yi mata wata allura da ta sa ta fitsari ba ƙaƙƙautawa. Kafin magariba ta buɗe ido sosai ta ce tana jin yunwa.

Mun yi kamar sati a nan, sannan aka ce sai mun je Zariya an ɗauki hoton zuciya. Malam Sani ya sayar da masarar da ko bushewa ba ta gama yi ba, a farashin da ya ƙi faɗa mini. Ni na rabu da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkina. Zuwan farko ba mu sami shiga ba, aka ba mu wata rana. Zuwa na biyu muka wuni a kan benci, Usman yana bayana, ina ba shi madarar gwangwani. Dangi kuwa kowa da nasa. Wani kawunmu ya ce mayu ne, mu daina ɓarnar kuɗi. Wata ta ce ai asibitin Zariya sai gawa. Ba ɗayansu da ya zo ya riƙe mini yaron in yi salla.

Likitar da ta gan mu mace ce, ba ta kai shekaruna ba. Ta shafa wa Kulu wani abu mai sanyi a ƙirji, ta ɗora na'ura, sannan ta juyo da fuskar talabijin ɗin wajenmu. A nan na fara ganin zuciyar ɗan Adam tana motsi. Ni da a zatona wata 'yar jaka ce.

Ta ce, "Zuciya tsoka ce, aikinta matsawa da saki. Ɗaki huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu, da 'yan ƙofofi a tsakani da ba sa barin jini ya koma baya. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu ya ɗebo iska. Na hagu ya karɓo shi daga huhu ya watsa shi ko'ina, daga kai har yatsan ƙafa." Ta nuna wani wuri da yatsa. "Kun ga wannan ɗakin na ƙasa a hagu? Shi ne mai ƙarfin cikinsu. Ya kamata ku ga yana damƙewa kamar hannu. Ku dubi nata."

Muka duba. Bangon ɗakin da ƙyar yake motsi.

Ta tambayi Malam Sani ko yana noman rani, ya ce yana yi. Ta ce, "To ka san injin ban-ruwa. In ƙarfinsa ya ragu, ruwa ba ya hawa gona, sai ya taru a baya. Haka nata. Abin da ya taru a bayan hagu yana cika huhu, shi ne tarin da hakin. Wanda ya taru a bayan dama yana sauka ƙafafu. Zuciyarta ta saki. Yana faruwa da wasu mata bayan haihuwa, kuma da yawa suna warkewa in an kiyaye."

Ta hana gishiri, ta hana kanwa, ta hana wankan ruwan zafin nan mai sa jiri. Ta ce kada a yi maganar wani ciki yanzu, kada kuma a daina shan ƙwayoyin da ta rubuta wa Kulu ko da ta ji garau. Da muka gaya mata an yi mata ƙarin ruwa a gida, sai ta ajiye biro ta daɗe tana kallonmu.

"Ku ji da kyau. Duk wanda ya sake rataya mata ledar ruwa ba a asibiti ba, nutsar da ita zai yi a kan gadonta. Hauwa'u, maimaita abin da na ce."

Kulu ta maimaita, tana murmushi don kunya.

Na wuce da ita gidana a Funtua. Watannin nan su ne mafi daɗi da na yi da ita tun tana yarinya. Ta yi ta mitar miya ba gishiri, tana cewa, "Yaya, wannan ai wankin tukunya ne." A sati na biyu takalminta ya shiga. A na huɗu na leƙa ɗaki da hantsi na same ta kwance a miƙe, ba matashi, ita da Usman suna barci, na koma tsakar gida na yi ta kuka ni kaɗai. Maƙwabciyata ta riƙa kawo mata gwanda da ayaba. Malamin unguwarmu ya riƙa yi mata addu'a bai karɓi ko sisi ba. Wata gwaggonmu ta aiko da garin magani, na ɗanɗana na ji kanwa, na zubar a kwata. Da muka koma Zariya aka sake hoto, likita ta nuna mana bangon ɗakin nan ya fara damƙewa. Ta ce, "Tana dawowa."

Da zafi ya fara shigowa Kulu ta ce za ta koma ɗakinta, 'yarta ta fari tana can tana kewarta. Ba ni da hujjar riƙe matar aure da ta sami sauƙi. Malam Sani ya zo ya ɗauke ta. Ya tara mutanen gidansu ya gaya musu dokokin likita, sannan ya taka har shagon Lawal, a gaban masu zaman benci, ya faɗa masa maganar ledar ruwa kalma da kalma. Ina so mai karatu ya riƙe wannan. Lawal ya sani. An gaya masa da baki, da rana tsaka, a gaban shaidu.

Ranar da abin ya faru Malam Sani ya kai tumatir kasuwar Danja. Kulu ta tashi da ɗan gudawa, ba wani mai yawa ba, har shara ta yi da safen. Goggo Ladi ta tsorata, ta aika a karɓo ƙwayar tsayar da ciki. Maimakon ya bayar da ƙwaya, sai Lawal ya taso da kansa da jakarsa. Abin da ya biyo baya Asabe ce ta gaya mini, maƙwabciyarsu, wadda take cikin ɗakin.

Kulu ta ce, "Malam Lawal, likita ta hana a ƙara mini ruwa."

Ya ce, "Ƙwayoyin fitsarin da suka ɗora ki a kai su ne suka busar da ke. Likitar da ta hana ɗin, tana ina yanzu? Mu ne muka san jikin mutanen garin nan."

Ta ce a jira maigidan. Ya dubi Goggo ya ce in aka jira, gawa maigidan zai tarar. Tsohuwa ta ruɗe, ta riƙe hannun Kulu tana lallashinta, "Yi haƙuri 'yata, ki bari." Kulu mai kunyar suruka ce. Ta bari. Ya saki ruwan yana gudu ba ɗigo ba, da ledar ta ƙare ya ɗaura ta biyu, ya ce zai je shago ya dawo.

Ina kan keken ɗinki wayata ta yi ƙara. "Yaya, ya sa mini." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Na ce ta cire, ta fizge, ta ba Asabe wayar. Ba na jin komai sai wani irin kurkurar numfashi, kamar ana hura ruwa da kara.

Na isa bayan la'asar. An riga an rufe ta da zane. Na buɗe fuskar, na ga kumfa mai ja-ja a bakinta da hancinta, ba a gama gogewa ba. Asabe ta ce da suka ruga suka kira Lawal, ya leƙo ya gan ta tana fafutuka, bai taɓa ta ba. Allurar kawai ya zare, ya tattara ledojinsa duka biyu ya cusa a jaka, ya hau mashin. Ƙusar da ke bango kaɗai ya bari.

Daga baya na koma wurin likitar nan na kwashe komai na gaya mata. Ta ce ba za ta rantse a kan abin da ba ta gani ba, amma kumfar da na kwatanta ita ce ta huhun da ruwa ya cika. Sannan ta ce, "Da ta warke fa." Wannan maganar ta fi komai ci mini rai.

Ranar sadakar uku ina cikin gida aka ce mini Lawal yana waje cikin masu gaisuwa. Na fita. Yana zaune a kan tabarma da gumba a hannu. Na tsaya a kansa a gaban maza na ce, "Lawal, Allah Ya isa tsakanina da kai. Allah Ya isar wa Kulu, Ya isar wa 'ya'yanta." Dattawa suka taso, wannan ya ce ƙaddara ce, wancan ya ce in tuna kwana ne ya ƙare. Na ce na yi imani da ƙaddara, amma wanda ya rubuta ƙaddara Shi ne ya ce akwai hisabi, kada su karanta mini rabi su bar rabi.

Na kai ƙara. Na yi zirga-zirga har na gaji, aka zo aka garƙame shagon, aka tafi da shi. Ba a jima ba ya fito, saboda ba leda, ba shaida a hannu, Goggo kuma ta kasa buɗe baki don kuka. Malam Sani ya ce shi ya bar shi da Allah. Goggo Ladi ta zo har Funtua ta durƙusa a gabana, tsohuwa sa'ar uwata. Na ɗaga ta na ce na yafe mata, kuma har zuciyata na yafe, don tsoro ne ya sa ta. Lawal kuwa ba tsoro ba ne. So yake garin ya ga cewa shi ne mai gaskiya, ni da na kore shi ni ce jahila. Da ran ƙanwata ya nemi wanke kansa.

Wata biyu da haka na ji ya buɗe sabon shago a wani ƙauye wajen Danja, da farar rigarsa. Asabe kuma ta gaya mini cewa kafin Kulu akwai wata mai jego a unguwar gabas da ta tafi a irin wannan hanya, a hannunsa, aka ce iska ce. Na je na ga uwarta. Muka zauna muka jera abin da ya faru, ya zo iri ɗaya har kumfar.

Tun daga nan na sami aikin yi. Duk inda na ji ana suna a garin da yake, sai in goya Usman, wanda yake hannuna tun rasuwar uwarsa, in hau mashin in je. Ba na zagi. In an gama cin abinci sai in ce mata su ba ni aron kunnensu. In gaya musu zuciya ɗaki huɗu gare ta, in gaya musu yadda take saki bayan haihuwa, da yadda ruwa yake taruwa a huhu da ƙafa. In sauko da Usman in ce ga ɗan wadda aka ƙara wa ruwa. Sannan in faɗi sunan wanda ya ƙara. A ƙauyen farko mutane suka daina shiga shagonsa, ya tashi. Na bi shi na biyu. A nan wata yarinya mai jego ta ɗage zanenta ta nuna mini ƙafarta ta ce, "Baba, irin wannan?" Na danna, ramin ya zauna. A ranar mijinta ya kai ta asibiti. Tana nan da ranta, har goro ta aiko mini da salla.

Kwanan baya sai ga baƙi a ƙofar gidana, limamin garin su Malam Sani da yayan Lawal, shi kuma Lawal yana bayansu, ya rame. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na kawo ruwa. Liman ya yi nasiha mai tsawo a kan falalar yafiya. Yayan ya ce na hana ɗan'uwansu cin abinci, yana da iyali, har masu neman 'yarsa sun janye.

Na ce, "Allah gafarta Malam, na ji. 'Yarsa ba ta yi mini komai ba, kuma ban ji daɗin abin da ya same ta ba. Abu ɗaya nake nema. Ranar Juma'a, bayan an sallame, ya tashi a gaban jama'a ya ce shi ba likita ba ne, ya ce an gaya masa kada ya ƙara wa Kulu ruwa ya ƙara. Ya ajiye allura har abada. In ya yi haka, ba zai sake ganina a garin da yake ba."

Liman ya juya ya dube shi. "Lawal, ka ji. Ba ta nemi abin da ya fi ƙarfinka ba."

Ya daɗe yana wasa da bakin tabarma. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ni dai taimako na je yi. Ajali ne."

Liman ya nemi takalmansa. Na ce wa Lawal, "To shi ke nan. Ban yafe ba. Mu haɗu a gaban Mai ajalin."

'Yan'uwana mata, da ku maza masu mata, in mai jego ta fara tari, ta kasa kwanciya a miƙe, ƙafarta ta hau, in an danna ramin ya zauna, ba sanyi ba ne, ba taifod ba ne. Ku ajiye kanwa, ku sauke tukunyar wanka, ku kai ta asibiti a duba zuciyarta, ko da za ku wuni a layi. Kada ku bar kowa ya rataya mata leda a ɗaki. Ina godiya ga duk wanda ya taimake mu da abinci ko mota ko addu'a, Allah Ya saka muku. Allah Ya haskaka kabarin Kulu, Ya raya mata 'ya'yanta.

Na ji Lawal ya koma wani ƙauye a hanyar Matazu, ya yi sabon fenti, ya sa an rubuta Dakta a saman ƙofa. Ranar Lahadi akwai suna a garin. Ba a gayyace ni ba, amma na riga na yi magana da mai mashin.